Ƙarangiyar da Ta Je Italiya Ta Dawo

Tun da na dawo ban huta ba. A teburin mai shayi na ƙofar kamfani tambaya, a masallaci bayan sallama tambaya, har mutanen Sharada da Bompai da ban taɓa haɗa hanya da su ba, da zarar an ce ga wanda ya je Italiya sai su jawo benci su ce, "To Malam Ɗanlami, yaya ƙasar Turawa?" Da farko nakan ba su amsar da ta dace da kwat ɗin da na dawo da ita: dogayen gidaje, tituna fes, wuta ba ta ɗaukewa. Amma tun da abokin aikina Isyaku ya baza zancen ƙarangiya, yana ƙara masa gishiri kullum, na ga gara in ba da labarin da bakina, a yi dariyar gaba ɗaya a huta.

Mu mutanen wani ƙauye ne a bayan Challawa. Gonar Babanmu jigawa ce, kuma duk wanda ya yi noma a jigawa ya san ƙarangiya ba sai an yi masa bayani ba. Ta kama wando, ta kama ƙafa, ka sa hannu ka cire ta koma yatsa, ka sa haƙori ta koma leɓe. Tun ina yaro na tsane ta, kuma ita ce hujjata ranar da na ajiye fartanya na tafi neman aiki a kamfanin jimar fata. Na ce wa Baba na gaji da tsintar ƙaya a ƙafa. Shi kuwa ya ci gaba da gyaran ƙotar gatarinsa.

Na yi shekaru a kamfani, daga wankin fata har na kai ga tsayawa a bakin inji. A 1979, shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, kamfani ya yi odar sabon injin tsaga fata daga Italiya, aka ce sai an tura mutum ɗaya ya zauna can kusan shekara, ya koyi aiki da shi da gyaransa. Aka zaɓe ni, don ina da ɗan Turancin firamare kuma ba na fashin aiki. Manaja ya kira ni ofis ya faɗa mini ƙiri-ƙiri: in na gama, injin nawa ne, in na gudo kafin lokaci, in nemi wani wurin aikin. Dariya ma abin ya ba ni. A lokacin akwai wani mutum a wata masaƙa a Bompai da aka tura Ingila, ya yi 'yan watanni ya gudo, wai sanyi da kewar gida, aka laƙaba masa suna Leƙa-ka-dawo. Duk cikin masu tsokanarsa babu wanda ya kai ni baki.

Ranar da na je sallama gida, Baba ya dube ni cikin kwat ɗin da na ɗinko a Sabon Gari, ya ce, "Ɗanlami, an ce kusan shekara. Kai da ko a Zariya ba ka taɓa kwana ba, za ka iya kuwa?"

Na ce, "Haba Baba, ku dai ku sa mini albarka. Ƙasar da ko ƙarangiya babu, me zai dame ni? In sun ce in ƙara shekara ma ƙarawa zan yi."

Ya ce, "To madalla, Allah ya kiyaye hanya. Abu ɗaya dai, gidan nan ba mu saba barin aiki a rabi ba."

Inna kuwa ta cika mini gwangwanin madara da daddawa, ta ƙulla kuka da yaji. Na karɓa don kada ranta ya ɓaci, na tura su can ƙasan akwati, ina jin kunyar a ce mai kwat yana ɗauke da daddawa.

Motar kamfani ce ta kai ni filin jirgi, 'yan sashenmu sun cika bayanta, muka bi ta Panshekara da Sharada suna ɗaga wa kowa hannu kamar masu rakiyar alhaji. Da za mu rabu Isyaku ya rungume ni ya ce, "In ka ga abin ba dama ka dawo kawai, mu za mu nemo maka suna mai daɗi." A cikin jirgi babu abin da ya dame ni irin 'yar igiyar nan ta wuya da ake sa wa kwat. Tela ne ya ɗaura mini ita, ya kuma shaƙe ni, ni kuwa ina tsoron in na kwance ba zan iya mayarwa ba. Haka na zauna ina haɗiyar yawu da ƙyar har Roma. Ƙullin telan nan ban taɓa kwance shi ba har na dawo, sassautawa kawai nake yi in zare ta ka.

A Roma ma'aikacin kwastan ya buɗe akwatina, ya tura hannu ƙasa, sai ga gwangwanin Inna. Ya ɓalle murfin ya kai hanci. Bawan Allah ya ja da baya, ya kira ɗan'uwansa, shi ma ya shinshina ya kira na uku. Suna tambayata da hannu da baki mene ne wannan, ni kuwa na rasa sunan daddawa a Turanci, na ce magani ne. Suka haɗa da kukar da yajin suka ajiye gefe. Wallahi a lokacin daɗi na ji, na ce an raba ni da kayan ƙauye. Na gyara kwat na wuce ina taku ɗai-ɗai.

Wani direba ya tarye ni ya sa ni a jirgin ƙasa zuwa wani ƙaramin gari kusa da Pisa, garin da kusan kowa majemi ne. Ina ta zullumin kada in wuce tasha, ashe ba sai an faɗa mini ba. Hancina ne ya fara gane mun iso, domin warin da ya shigo ta taga shi ne dai na magudanar ruwan Challawa, ba ragi ba ƙari.

An kama mini ɗaki a gidan wata tsohuwa, Sinyora Tareza, mijinta ya rasu, kullum cikin baƙaƙen kaya take, daga ita sai wata farar mage mai gashi buzu-buzu. Tana ganina ta buɗe hannu ta nufo kumatuna da baki, wai gaisuwarsu ke nan. Na yi tsalle baya na taka wutsiyar magen. Da haka muka fara zama. Sunana kuma ya fi ƙarfin bakinta, ta yanke shi ta bar Lami. Na yi ƙoƙarin nuna mata Lami sunan mata ne, ba ni da kalmomin, na haƙura. Na gode Allah da Isyaku ba ya kusa.

Maganar abinci sai da na yi wasan kwaikwayo. Na durƙusa na yi gurnanin alade na kaɗa yatsa, na ɗaga kwalbar giya na kaɗa yatsa, na nuna wuƙa a wuya don ta gane ba na cin naman da ba yanka ba. Ta yi dariya har da hawaye, amma ta gane, kuma har na bar gidan ba ta taɓa kuskurewa ba. Sai aka koma taliya da kifi, taliya da wake, taliya da ƙwai. Akwai doguwa, akwai gajera, akwai mai rami, kowace da sunanta, su a ganinsu abinci daban-daban ne. Burodinsu ba gishiri ba sukari, ga tauri. Abin da suke kira kofi kuwa, a wani ɗan ƙoƙo ake kawowa wanda bai fi murfin kwalba ba, a tsaye ake kurɓewa a wuce. Na tuna kofin silba na mai shayinmu da ake riƙewa da hannu biyu, na ce waɗannan mutane ba su san zama ba.

A banɗakin gidan akwai wani ɗan kwano na tangaran a ƙasa, da famfonsa, daidai tsayin gwiwa. Na ce kai, Turawa sun iya karɓar baƙo, har wurin alwala sun tanada. Na fi wata ina alwalata a nan, da kurkure baki da shaƙa ruwa da komai, kafin Jino, tsohon da aka haɗa ni da shi a kamfani ya koya mini inji, ya fahimtar da ni abin da ake wankewa a ciki. Rashin sani ya fi dare duhu. Ranar ban iya cin abincin rana ba.

Jino mutum ne gajere mai ƙaton gashin baki, hannunsa duk tabon wuƙar inji. Shi ya koya mini yarensu kaɗan-kaɗan, kalma yau kalma gobe, har na fara haɗa zance. Mutanen nan suna da kirki, sai dai in suna hira ka rantse faɗa suke yi, ga ɗaga murya ga wurgi da hannu. A makon farko na ruga na shiga tsakanin wasu ma'aikata biyu ina ba su haƙuri, ashe zancen ƙwallo suke yi, kuma surukan juna ne. Abin da na kasa sabawa da shi shi ne gaisuwa. Kalma ɗaya ce, a jefo maka a wuce. Ni kuwa na saba in tambayi kwana da gajiya da iyali da aiki. Da na fara gwadawa da Jino, ina tambayarsa matarsa da 'ya'yansa da yadda ya tashi, sai ya tsaya ya dube ni ya ce, "Me kake so in yi maka? Faɗi kawai."

Sai sanyi ya shigo. Ba irin namu ba da ake hura wuta a zauna a kewaye ana hira. Nasu ruwa ne da hazo, rana ta yi mako ba ta leƙo ba, kafin a tashi daga aiki duhu ya yi, kowa ya shige gida ya rufe ƙofa. Babu dandali, babu mai tsire, babu kiran salla sai ƙararrawar coci. Ranar Lahadi ta fi kowace tsawo. Nakan zauna a bakin gado in lissafa abin da ake yi a gida: yanzu Inna tana tankaɗe, yanzu Baba ya dawo daga masallaci ya zauna gindin darbejiya, yanzu su Isyaku suna gardama a teburin shayi. Daddawar da na yi murnar an ƙwace, na koma ina mafarkinta. Akwai ranar da na tsaya a shagon mai cuku ina shinshina wani tsohon cuku mai wari, don ya ɗan yi kama da ita, har mai shagon ya zaci saya zan yi.

Na rame, kwat ta fara yi mini yawa. Abinci in na ci cokali uku sai in ture. Sinyora takan tsaya ta riƙe ƙugu ta ce, "Lami, ci mana!" in ce na ƙoshi. Hausa kuwa ba ni da wanda zan yi wa sai magen nan, nakan ce mata, "Ina kwana, ina gajiya, yaya sanyi?" ita kuma ta juya mini baya, don ba ta manta da wutsiyarta ba. Kewa ta ci ƙarfina, ba na ɓoyewa. Na fara tuna Leƙa-ka-dawo ina neman gafararsa a zuci. Wata Lahadi na jawo akwati na shirya kayana tsaf, na yanke shawara gobe zan shiga ofis in ce a mayar da ni gida. Na san aikin ya tafi ke nan, na san Isyaku yana jirana da suna, na san kallon da Baba zai yi mini ba tare da ya ce komai ba. Duk na ce na ji na gani.

Da safe kafin in kai ofis, Jino ya ja ni ɗakin ajiyar ɗanyen fatu, wai in taya shi kwance wata dila da ta iso. Muna yanke igiya fatun suka baje, busassu, da gashinsu, jajaye. Jino ya buga ɗaya da bayan hannu ya ce, "Naku ne, daga Kano. Babu fatar akuya irinta." Na durƙusa na shafa bayan wata, kamar mai gaida ɗan'uwa, sai na ji caɓ a yatsa. Na ɗago hannu, ga ta nan maƙale, 'yar ƙarama, busasshiya, da ƙayoyinta tsaye. Ƙarangiya ce. Wata akuya ta kwaso ta a jigawar wani, aka yanka akuyar, aka shanya fatar, aka ɗaure, aka haye teku da ita, ita kuwa ba ta saki ba.

Na sa ɗaya hannun in cire ta koma can, na sa haƙori ta kama leɓe, daidai yadda ta saba. Sai kawai na zauna a kan dilar na fashe da kuka, ƙato da ni, da ƙarangiya a leɓe. Jino ya ruɗe, ya zaci kunama ce ta biyo kayan, yana neman kiran mota a kai ni asibiti. Da ƙyar na lallashe shi. Na bi fatun nan ɗaya bayan ɗaya na tsince duk wadda na samu, na zuba a kwalin ashana. Ranar ban je ofis ba. Na ce wa kaina ofis ba gudu zai yi ba, bari in ga ko abin nan zai tsiro a ƙasar nan tukuna.

Da yamma na roƙi Sinyora tukunyar shuka. Ta tambaye ni me zan shuka, na buɗe mata kwalin ashana. Kalmomin da nake da su ba su da yawa, na ce, "Daga gonar Babana." Ba ƙarya na yi niyya ba, abin da bakina ya iya ke nan. Tsohuwa ta dafe ƙirji, ta je ta tuge wani jan furenta daga tukunyar da ta fi kowace kyau, ta ba ni, ta kuma share mini wuri a tagar kicin inda ɗumi yake. Na ɗebo yashi a bakin kogi, na murje ƙwayar na binne, na yi bisimilla irin wadda ban taɓa yi wa geron Baba ba.

Ta daɗe ba ta fito ba, sanyi ya hana ta. Kowace Lahadi sai in dubi akwati in dubi tukunya, in ce to, a ƙara mako ɗaya. Ina cikin ƙara mako har rana ta fara dawowa. Wata safiya na ji Sinyora tana kwaɗa kira, "Lami! Lami!" Na fito ba takalmi, sai ga wasu 'yan tsirrai kore shar sun huda yashi. Ni da aka sha duka a kan ƙin cire ƙarangiya a gona, na tsaya a kanta ina cewa masha Allah. Daga ranar na daina gaida mage, na koma gaida tukunya, cikakkiyar gaisuwa, har da tambayar mutan gida. Na kwance akwati na mayar da kaya cikin kabad, na ce ai ba a tafiya a bar shuka ba ta yi kai ba.

Aiki ma sai ya fara shiga kaina. Na iya saita kaurin fata, na iya wasa doguwar wuƙar injin, na iya gane ciwonsa daga ƙararsa, har Jino yakan bar mini shi ya tafi shan ɗan ƙoƙon kofinsa. Azumi ya same ni a tsakiyar zafinsu, ranar da ba ta san faɗuwa ba, sai Sinyora ta riƙa tsayawa a taga tana gadin rana, tana ɓacewa ta buga cokali a kwano.

Matsalar ɗaya ce. Zance ya zaga unguwa cewa baƙon Tareza ya kawo furen Afirka. Tsofaffin mata suka riƙa zuwa kallo, suna tambayata yaushe zai yi fure, wane launi ne, yana ƙamshi? Ni kuwa girman kai ya hana ni cewa ciyawa ce da ko jaki ba ya marmarinta in ta bushe. Sai in gyara murya in ce, "Sai dai kun gani." Wata ma har ta sa in yi mata alkawarin iri.

Suka kuwa gani. Ta yi kai, ta nuna, ƙayoyi suka bushe. An fitar da tukunyar baranda don ta sha rana, wata Lahadi magen nan ta ga wuri mai ɗumi ta haye ta yi birgima. Ihun da ta yi sai da ya fito da maƙwabta. Sinyora ta sure ta, ita ma ta ƙwalla ƙara ta sake ta, mage ta bi ta ƙafafun matar da na yi wa alkawarin iri ta shafa mata rabonta a safa. Kafin ka ce kwabo, mata uku suna tsalle a baranda, kowace tana cirewa tana komawa ɗaya hannun. Na tsaya na ce shi ke nan, yau za a kore ni daga gidan nan, a kai ƙarata kamfani, in koma gida saura ƙiris in gama, kuma a ce ƙarangiya ce ta koro ni daga Turai.

Na nuna musu yadda ake yi a gida, a jiƙa yatsa da yawu sannan a kama a hankali. Na zauna da magen a cinya har la'asar ina tsinta tana yaƙushina, inda ya gagara muka sa almakashi, ta tashi kamar angulu. Da maƙwabta suka watse, na sunkuyar da kai na ce, "Sinyora, ki yi haƙuri. Ba fure ba ne. Muguwar ciyawa ce, a garinmu ƙone ta ake yi."

Ta ce, "Lami, ni 'yar manomi ce. Tun ganyen farko na san ciyawa ce."

Na ce, "To me ya sa kika tuge furenki, kike ba ta ruwa?"

Ta ce, "Kafin ka shuka ta, kwanonka da abinci yake dawowa. Da ta tsiro ka fara neman ƙari. Ɗana yana Jamus yana aiki, shi ma ba ya jin yarensu. Ina fata akwai wata tsohuwa a can da za ta bar shi ya ajiye tasa ciyawar."

Na ci gaba da shafa magen, ita kuma ta cije ni. Sharaɗi ɗaya Sinyora ta kafa, a ƙone shukar kafin ta bazu a lambun mutane su tsine mana. Muka ƙone ta a bayan gida. Abin mamaki, ban ji komai ba, don lokacin saura kaɗan in gama.

Ranar tafiya Jino ya ba ni dutsen wasa wuƙarsa, ya kuma tsaya ya tambaye ni Babana da Innata da gajiya, ɗaya bayan ɗaya, yana kallon sama kamar mai hadda. Sinyora ta miƙo mini wani ɗan akwati an naɗe shi da takarda mai ƙyalli da jan zare, ta ce na Babana ne, kada in buɗe. Ta nufo kumatuna, wannan karon ban yi tsalle ba, na dai runtse ido na yi istigfari.

Da muka sauka Kano, zafi ya dake ni a fuska na ji kamar an rungume ni. Ma'aikacin kwastan ya ce, "Sannu da zuwa Malam, ya hanya, ya gajiya, ya aka baro su?" Saura kaɗan in faɗa masa a jiki. A gida kuwa an cika zaure, 'yan'uwa da maƙwabta da 'yan sashenmu, Isyaku a gaba-gaba. Na zauna cikin kwat ina rabon tsaraba ina ba da labarin dogayen gidaje. Can na ɗauko ɗan akwatin nan na ɗaga shi yadda kowa zai gani, na ce, "Baba, wannan uwar ɗakina ce, Baturiya, ta ce a ba ku hannu da hannu." A raina na ce agogo ne.

Baba ya kwance zaren a hankali, ya buɗe, ya ɗaga audugar da ke sama, ya sa yatsa. Sai ya janye da sauri. Ya ɗago hannu, ga ta maƙale. Ashe tsohuwar ta yanki kai uku ta ɓoye kafin mu ƙone.

Isyaku ya leƙa, ya dube ni, ya ce, "Jama'a, ƙarangiya ce! Wallahi ƙarangiya ya yo mana oda daga Turai!" Ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki. Ba yadda zan yi, na ba da labarin tun daga kan dilar fatu, ana dariya har da masu tari.

Baba bai yi dariya sosai ba. Ya jiƙa yatsa ya cire ta, ya mayar cikin audugar, ya ce, "Ƙasar da ko ƙarangiya babu. Ashe kai ka kai musu." Sannan ya ce, "Aikin fa, ka gama shi?"

Na ce, "Na gama, Baba."

Ya rufe akwatin ya sa a aljihun rigarsa, ya ce, "To ƙarangiya ta yi mini aikin da ban iya ba. In kana aika gaisuwa, ka ce wa matar nan na karɓa, na gode." Har yanzu akwatin yana nan a ɗakinsa kusa da rediyo, ba ya bari yara su taɓa.

Injin dai nawa ne yanzu, kuma Isyaku ya cika alkawari, duk Challawa Sarkin Noman Turai ake kirana. Na karɓa, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Amma akwai inda na ga ya kamata in je. Wata Asabar na hau keke har Bompai, na jira aka tashi daga aiki, na nemi Leƙa-ka-dawo. Sai a ranar na san sunansa Malam Hamisu. Da ya gan ni ya ɗaure fuska, ya zaci tsokana ce ta kawo ni. Na ja shi teburin mai shayi na sa aka haɗa mana, na ba shi labarin nan duka, har da akwatin da na shirya ranar Lahadi. Bai yi dariya ba ko sau ɗaya. Ya daɗe yana juya cokali a kofi, sannan ya ce, "Ka yi sa'a, Malam Ɗanlami. Mu a masaƙa, audugar a wanke take zuwa."